Gahawar da Ta Zube Ƙarƙashin Gida

Tun kafin in ɗaure jirgi na hango ƙanwata Rinya tsaye a bakin ruwa tana murza hannu, na san akwai magana.

"Yaya, Bantin ne," ta ce. "Tun jiya yake amai. Abin nan nasa ya fito, ya ƙi komawa."

Abin nan nasa, gwaiwa take nufi. Bantin mijinta ne, kuma babu wanda bai san gwaiwarsa ba a dogon gidan Nanga Sebaru, inda duk ƙauyen ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya. Shekara da shekaru yana fama da ita, in ta fito ya kwanta ya tura ta da hannu, ya tashi ya koma tatsar roba. Na sha ce masa ya biyo ni asibiti a ɗinke, sai ya ce shi ba buhu ba ne.

Ni Ranggau, ni ke tuƙa jirgin asibitin mishan. Duk wata muna hawa kogi da akwatunan magani, mu bi ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Likitar da na ɗauko rannan ba ta daɗe da zuwa ba, cocinsu ne ya turo ta daga Sumatra. Sunanta Tiurma, 'yar Batak, ƙaramar mace mai babbar murya. In tana gaishe ka sai ka ɗauka faɗa take yi. Sai Gerinang, sa'ana, wanda ke tsayawa a goshin jirgi da sandar gora yana ture mu daga duwatsu.

Muka hau gungumen da ake takawa zuwa barandar gida, don a kan dogayen turaku gidan yake. Bantin na kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya naɗe kamar tsutsa, idanu sun faɗa. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin dariya.

"Suruki, ka zo rabon gado? Ba abin da na bar maka sai karen nan mai ƙazwa."

"Rufe mana baki," na ce. "Da ka ji magana da yanzu kana gona."

Likita ta kori mata da yara, ta sa muka kare shi da zane, ta duba. Ba ta daɗe ba ta miƙe, fuskarta ta canza.

"Hanji ne ya maƙale," ta ce. "Jini ba ya isa wurin. In aka bar shi zai ruɓe, in ya ruɓe mutumin nan ya tafi. Tiyata ce, kuma yau. Ranggau, za mu iya komawa kafin duhu?"

Na leƙa kogi. An kwana ana ruwa a tudu, kogin ya cika ya yi ja, yana ɗauke da itatuwa. Tsakaninmu da asibiti akwai wurin da muke kira Maƙogwaro, inda ruwa ke matsewa tsakanin duwatsu yana tafasa. Ba mai shigarsa da duhu sai wanda ya gaji da duniya.

"In mun tashi yanzu, za mu iya," na ce. "Yanzu fa, ba an jima ba."

Ta ɗaura masa ƙarin ruwa, ta yi masa allura, ta kira asibiti a oba-oba ta ce a shirya ɗakin tiyata. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kada a ba shi komai ta baki. Ko ruwa. In aka sa shi barci da abu a ciki, zai shaƙe."

Duk wannan ana yi, uwar Bantin tana kicin. Ini Empiang, tsohuwa ce tukuf, kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ita dai ta ga baƙi sun hau gida, ta yi abin da ake yi. Ta fito da butar gahawa da kofuna, ta ajiye wa kowa nasa a gabansa, Likita, Gerinang, ni. Ƙamshi ya cika baranda. Bantin da ya kwana ya wuni bakinsa a bushe ya ɗago kai.

"Indai," ya ce, wato Inna, "raina na son gahawar nan. Ko kurɓi ɗaya."

Wace uwa ce za ta ji haka ta tsaya? Ta zuba, ta miƙa masa. Ya miƙo hannu. Likita na can tana rufe jaka, ta juyo ta gani, ta yi tsalle kamar kyanwa ta fizge kofin, ta tuttule shi ta tsagar goran daɓe. Muka ji gahawar ta zuba ƙasa, aladun da ke ƙarƙashin gidan suka yi gurnani.

Duk gidan suka zuba wa Likita ido.

"Na ce kada a ba shi komai," in ji Likita. "To, a ɗauke shi mu tafi. Ina mazan?"

Ba wanda ya motsa. Mazan da suka riga suka kawo gora da bargo don ɗaukarsa suka ajiye a hankali. Ini Empiang ta zauna daɓas, ta dafa ƙirjin ɗanta da hannu biyu.

"Puni," ta ce. "Ta sa wa ɗana puni."

Likita ta dube ni. Ba jahilar abin ba ce, tun zuwanta aka gaya mata cewa a ƙasar nan in an miƙa maka abinci ko abin sha, ko ba za ka ci ba sai ka taɓa shi da yatsa kafin ka kama hanya, in ba haka ba tsautsayi na bin ka, maciji ko kada ko faɗuwar itace, shi ne puni. Ita ma ta saba taɓawa don kada ta ɓata wa mutane rai. Gaggawa ce ta mantar da ita.

"Na yi kuskure, Ini, ki yafe ni," ta ce da ƙarfi a kunnen tsohuwar. "Ga buta nan. A zuba wata ya taɓa."

"Wata?" Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, wata ya roƙa? Wannan ransa ya biya, wannan na miƙa, wannan ya kai wa hannu. Ita ce ta tafi ƙasa. Ubansa haka ya fita ya bar shinkafa a faranti bai taɓa ba, yana saurin kai roba kasuwa. A Maƙogwaro aka tsinci hularsa. Hular kawai. Yau kuma ki ce in ba ki ɗana ki bi da shi ta nan?"

Wannan gaskiya ne, ina saurayi aka yi.

Likita ta durƙusa gaban Bantin. "Apai Selaka," ta kira shi da sunan 'yarsa, yadda ake girmama magidanci, "jikinka ne. Kai Kirista ne, na ga gicciye a ƙofarka. Ranka a hannun Yesu yake, ba a kofin gahawa ba. Ka ce su ɗauke ka."

Bantin ya juya ya yi amai, kore shar, mai wari. Da ya samu numfashi ya ce, "Likita, in zan mutu gara in mutu a tabarmata. Kifi ya ci ubana, ba zai haɗa da ni ba."

Rinya ta fashe da kuka. Likita ta juyo kaina.

"Ranggau, yi musu magana. Kai da kake jan waƙa a coci."

"Ba za su ji ba."

"Kai fa? In na sa aka ɗauke shi, za ka tuƙa?"

Ban saba ɓoye-ɓoye ba. Na ce, "Likita, ni na yi baftisma. Kogin ne bai yi ba."

Ta zuba min ido har na ji kunya, amma ban janye maganar ba. Ba wai na ce Ubangiji bai fi ƙarfin kogi ba ne. Amma wanda bai taɓa riƙe inji a Maƙogwaro ba, ba zai gane ba. Wurin nan ba ya son mutum mai zuciya biyu. In Gerinang na goshi yana tunanin puni, ni ina baya ina tunanin puni, to mun gama kifewa tun kafin mu isa.

Rana ta riga ta karkata. Inuwar bishiyar kwakwa ta fara hawa baranda. Kowa na magana lokaci ɗaya, wani ya ce a yanka kaza, wani ya ce a bari sai gobe abin ya sake shi, wata ta ce a kira mai maganin ƙauyen gaba. Likita ta ce gobe gawa za a ɗauka. Ba wanda ya saurare ta. Na ga ta sunkuyar da kai, leɓɓanta na motsi. Da ta ɗago ba ta dubi kowa ba sai tsagar da ta zubar da gahawar.

Ta matsa kusa da tsohuwa. "Ini, in ya taɓa waccan ɗin, ita kanta, kin yarda ya tafi?"

"Ta shige ƙasa."

"Ba shi na tambaye ki ba. Kin yarda?"

Tsohuwa ta taɓe baki. "In ita ce."

Likita ta ɗauki kofin, ta tuɓe takalmi, ta sauka gungume. Sai da muka ji motsinta a ƙarƙashinmu muka gane abin da take shirin yi.

Duk abin da dogon gida ya zubar, ƙarƙashinsa yake zuwa. Ruwan wanke-wanke, tofin goro, fitsarin yara, kashin kaji, aman Bantin na jiya da na yau. Aladu ke zaune a wurin. Ko mu 'yan gida ba ma shiga sai dole, balle baƙo, balle likita. Mutane suka kwanta rub da ciki suna leƙawa ta tsaga.

"Tana rarrafe!" in ji wata mata. "Allah Sarki, da farar rigarta!"

"Hagu, Likita! Wuce turken nan!"

"Ba nan ba, wannan na jaririn Indai Lemba ne!"

Sai Rinya ta ƙwala ihu: "Yaya, uwar aladen! Ta haihu a wurin!"

Ban san lokacin da na tsallake kofuna na dira ƙasa ba. Na fizgi itacen wuta na kutsa a sunkuye. Uwar aladen ta riga ta miƙe, baƙa, ƙatuwa, gashin wuyanta a tsaye, 'ya'yanta na tsuwwa a bayanta. Wanda ya san alade mai jego ya san tana iya cire wa mutum tsokar ƙafa. Likita na durƙushe a laka, tsakaninta da ita bai fi tsawon sanda ba, kuma ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ja da baya a hankali," na ce.

"Na gan ta," ta ce. Ba aladen take nufi ba. Gahawarmu da garinta ake zubawa, ga shi nan baƙi a kan laka, aladu ba su kai ga tattake shi ba.

Aladen ta taso. Na sakar mata itace a hanci, ta ja baya, ta sake tasowa ta cafke itacen, muka shiga ja-in-ja. "Yi sauri mana!" na daka wa Likita tsawa, na manta da wa nake magana. Ta kwashe lakar da hannu ta cika kofi, muka fito da baya da baya, ni ina zagin aladen har kakanninta.

Da Likita ta hau baranda mutane suka dare, wari ya isa. Laka har gwiwa, har gashin kai. Ta durƙusa ta miƙa wa tsohuwa kofin da hannu biyu. Ini Empiang ta kai hanci, ta tona da farce, ta murza baƙin garin tsakanin yatsu. Ta daɗe tana murzawa.

"Ita ce," ta ce.

Bantin ya sa yatsa a ciki.

"Ban da baki!" in ji Likita.

"Haba Likita, ko kin roƙe ni," ya ce, ya shafa a maƙogwaronsa.

Nan da nan maza suka ɗauke shi. Muka shimfiɗe shi a tsakiyar jirgi, Rinya ta riƙe kansa, Likita ta ɗaga ledar ƙarin ruwa a kan sanda. Na ja inji. Ruwa ya ɗauke mu kamar an harba kibiya.

Mun yi nisa, ina kauce wa itatuwa, ina duban rana tana sauka a kan dajin. Bantin ya daina barkwanci, sai nishi. Har na fara jin rurin Maƙogwaro daga bayan kwana, sai Gerinang ya waiwayo daga goshi, fuskarsa kamar ya ga fatalwa.

"Ranggau! Ka taɓa taka?"

"Wace?"

"Gahawarka! Ni na taɓa tawa, na ga Likita ta taɓa tata da za mu fito. Kai fa?"

Sai na ga kofin a idona, cike, yana tururi a kan tabarma, daidai inda na tsallake shi na bi alade. Na rage wuta, na karkata jirgi bayan wani dutse inda ruwa ke kwance, Gerinang ya kama reshe.

"Me ya faru?" in ji Likita. "Inji ne?"

Gerinang ya gaya mata. Ya ƙara da cewa shi yana da 'ya'ya, ba zai shiga Maƙogwaro da matuƙi mai puni ba, ko a ɗaure shi. Komawa kuwa ba ta taso ba. Hawa kogi a wannan cikar, kafin mu je mu dawo duhu ya rufe.

Likita ba ta yi wa'azi ba wannan karon. Ta duba jijiyar hannun Bantin, ta dube ni, ta ce, "Yana tafiya, Ranggau."

Sai ga muryar Bantin daga ƙasan jirgi, ƙasa-ƙasa. "Suruki. Buta ɗaya ce, wawa. Ga ta nan a jikin Likita."

Likita ta miƙo min hannun rigarta, lakar ta fara bushewa, da ɗigon baƙin gari a jiki.

Zan faɗi gaskiya. Na san ba tawa ba ce. Da tsohuwa na wurin da ta ce ba ta yi ba, kuma da na goyi bayanta. Tawa tana can Nanga Sebaru tana hucewa. Amma na dubi Rinya, na dubi Gerinang ya ƙanƙame reshe. In bai saki reshen nan ba, ba mai kaiwa gida. Na dangwali lakar na shafa a wuya, na ɗaga murya: "Shi ke nan, ta goge. Saki reshen, matsoraci, ko sai na kira matarka ta riƙe maka sandar?"

"Ubanka ne matsoraci," in ji Gerinang, ya tofa yawu a tafi ya gyara tsayuwa.

A zuciyata na ce, Yesu, ka ga dai yadda aka yi. In akwai abin da ke bina, ka sa ya jira in sauke mutanen nan. Na buɗe wuta.

Maƙogwaro ba ya ba ka lokacin tunani. Ruwa ya ɗaga mu ya buga, ya cika mana ido. Gerinang na ihu, dama, dama, yana dukan duwatsu da gora. Likita ta kwanta a kan Bantin ta rungume shi da hannu ɗaya, ɗayan na sama da ledar ruwa, tana rera wata waƙar coci da yarensu kamar mai faɗa da wani. Mun wuce dutsen farko, mun wuce na biyu. A mafita, inda na saba bi ta hagu, sai ga gungumen itace ya gitta, ruwan daren jiya ya kawo shi. Ba wurin tsayawa. Na kwantar da jirgi dama, ta ƙaramar ƙofar da ban taɓa bi ba, na ɗaga inji kada farfela ta karye. Gindin jirgi ya daki dutse, hannun injin ya taso ya same ni a baki. Na ga wuta. Na ji muna juyawa a kaikaice, ruwa na shigowa ta gefe, Rinya na kiran sunana. Gerinang ya soka gora ya kwanta a kanta da duk nauyinsa har ta tsage, goshin ya dawo daidai. Na mayar da inji ruwa, ya kama.

Da muka fito fili na tofar da abin da ke bakina, jini ne da haƙori.

Ana kunna fitilun asibiti muka iso. Suna jira a bakin ruwa da gadon turawa. Likita ta bi su da gudu ba takalmi, wata nas na ce mata ta tsaya ta yi wanka tukuna kafin ta kusanci ɗakin tiyata. Babban likita ya yanke wa Bantin hanji kamar tsawon tafin hannu, wanda ya riga ya yi baƙi, ya haɗa sauran. Ya ce da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake ba. Da Bantin ya farka ya gan ni da kumburarren baki, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya rage maka haƙori, in ba shi kaza?"

Har yau Gerinang na cewa punin ne ya karɓi haƙori a madadin rai. Likita ta ce itace ne ya tare hanya, kuma Ubangiji ya fitar da mu. Ni ba na musu da kowannensu, ba su ne ke tauna rogo da gefe ɗaya ba.

Da wata ya zagayo muka mayar da Bantin gida, yana tafiya da ƙafarsa. Muna hawa baranda Ini Empiang ko ɗanta ba ta duba ba, ta kama hannuna ta ja ni lungu. Ashe bayan tashinmu ta ga kofina cike. Ta rufe shi da ganye, ta kife tukunya a kai, ta hana kowa taɓawa, ta ce in ya zube mun halaka. Rinya ta ce matan gidan sun gaya mata tsohuwar a gefensa take kwana.

Ta ɗaga tukunyar. Gahawar ta yi fumfuna, fari da kore, kamar gashin tsohon biri.

"Taɓa," ta ce.

Na dubi Likita. Ta kau da kai tana buɗe akwatin magani, kamar ba ta gani ba.

Na sa yatsa na taɓa. Sannan tsohuwa ta je ta rungumi ɗanta.